Naman Kazar da Inna Ta Shanya a Baranda

Ni ce na matsa aka kawo Inna Dubai. Bayan ta fita takabar Baba, ƙannena suka dame ni da waya daga Kano, wai ba ta cin abinci, ba ta magana, ko rediyon da ta saba jingine wa a gefen filo ta daina kunnawa. Na ce su turo min ita ta canza iska. Mijina ya ce in dai yi tunani, tunda gidan haɗaka muke ciki kuma wurin ba yalwa. Na ce masa ai ba a kansa za ta kwana ba. Haka bakina yake, kuma da saninsa ya aure ni.

To wace iska ma za ta canza? Muna can saman wani dogon bene a Al Nahda, taga ba ta buɗuwa sai rabi, esi yana ta ruri ba hutu. Mu kuma da an yi sallar asuba muke ficewa, kafin motocin Sharjah su toshe hanya. Ni ina aiki a wani shagon kago, na tura kaya gida, a Murshid Bazaar, ina auna kaya ina rubuta sunaye a jikin kwalaye, shi kuma yana wani ofishin lodin jiragen ruwa a Port Saeed. Sai bayan isha muke dawowa, mu tarar da Inna a kan darduma yadda muka bar ta, abincin da na ajiye mata ko buɗe shi ba ta yi ba. Wata 'yar Zangon Kumasi da ke haya a ɗaya ɗakin, mai aikin wanki a otal, ita ce ma takan leƙa ta ce, "Mma, sannu da gida." Inna ta ɗaga mata hannu, shi ke nan.

Ga shi ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma taɓa tsayar da idonta a fuskata ba. In ta matsu ta ce "ke 'yar nan". In ba ta matsu ba, sai ta yi magana da ƙofa ko da tukunya: "A gaya wa masu gida gishiri ya ƙare." A Kano wannan bai taɓa damuna ba, akwai ƙannena a tsakani. A nan kuwa babu kowa sai ni da ita da kunyar nan, kamar buhun gero an ajiye shi a tsakiyar ɗaki kowa yana kewaye shi.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura wata safiya, ranar hutuna, cewa bakin zaninta a jiƙe yake, da ɗanyar ciyawa a maƙale a silifas ɗinta. Mai gadin benen ne ya gaya min ya koya mata danna lif. A bayan gininmu akwai wani dogon fili na ciyawa da shuke-shuke, inda bututun ban-ruwa ke fesawa da sassafe, masu lambu kuma suna zuba taki a gindin itatuwa. Can take zuwa da zarar mun fita. Bayan 'yan kwanaki sai ga kwanon abinci ana cinyewa. Sai ga Inna ta karɓe min girki. Sai ga ta tana ƙunƙunin waƙoƙin niƙa irin na ƙauyensu, tana tsokanar 'yar Kumasi cewa Hausarta kamar an wanke ta da ruwan zafi ta motse.

Wata magariba da nake gida ta tsaya a baranda tana kallon benen da ke fuskantarmu, ma'aikata suna ta shiga suna fita ta ƙofar ƙasa. Ta ce wa ƙarfen barandar, "Wannan ai suri ne, ga gara nan tana ta aiki." Ta yi ta dariya har da hawaye. Wata rana kuma na jiyo ta ita kaɗai tana cewa, "Malam, da ka ga ƙasar nan da ka sha mamaki, ruwan sama a cikin tiyo yake." Malam shi ne Baba. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, daɗi na ji. Na shiga banɗaki na yi kukana na murna, na fito na kira ƙannena na ce su zo su ga aikin Dubai.

A barandar nan akwai faifan da ta zo da shi daga gida, kullum da wasu ƙananan abubuwa masu ruwan ƙasa a shanye a kai, tsibi-tsibi, kowane tsibi daban. Na tambayi iska mene ne wannan, iska ta amsa min da muryar Inna cewa naman kaza ne. Ni haihuwar birni ce, a labarinta kawai na san shi. A wani ƙauye kusa da dajin Falgore ta tashi, kuma ta sha ba ƙannena labarin yadda 'yan mata suke sammako bayan ruwan farko, su bi gindin suri suna tsinto shi a yi miya. Na ce to madalla, tsohuwa ta samu abin yi. Ban ƙara bi ta kai ba.

Ran nan na tashi na ga ɗan ƙulli a baƙar leda a kan jakata, an naɗe shi da zare. Inna tana goge murhu ta ce, "A ba mai tafiya, a kai wa Yaya." Yayarta take nufi, wadda har yanzu tana ƙauyen. Wannan ba wani abu ba ne a wurinmu. Duk wanda zai hau jirgin Kano sai ya tafi da saƙon mutane, turare ne, dabino ne, maganin ciwon gwiwa ne. Alhajin da nake wa aiki zai tafi a makon, don haka da na isa shago na ajiye masa a kan tebur na ce, "Ranka ya daɗe, saƙon Inna ne, ko nauyin albasa ɗaya bai kai ba."

Alhaji mutum ne da ba ya ɗaukar abin da bai buɗe ba, ko na uwarsa ne. Ya sa bakin makulli ya tsinke zaren. A ciki akwai ƙananan ƙulle-ƙulle a tsumma, ya kwance ɗaya ya duba. Sai ya tashi ya tura ƙofar shagon, ya dawo ya zauna.

"Hajiya, me na yi miki?"

Na ce, "Kamar yaya, Alhaji? Naman kaza ne, kayan miya."

Ya ce, "Na san sunansa. Ke kin san akwai irinsa da yake bugarwa? Akwai masu shiga daji musamman nemansa. A ƙasar nan layi ɗaya suka sa shi da ƙwaya da hodar iblis. A busar da shi, a ƙulla a tsumma, a ba ni in bi da shi ta filin jirgi?"

Na ce ai Inna ko goro ba ta ci sosai. Ya ce shi bai ce wannan ɗin ne ba, bai sani ba, kuma ba ya son ya sani. Wanda zai buɗe akwatinsa a filin jirgi ba zai aika a tambayo tsohuwa ba. Ya turo min ledar da biro, ko taɓawa bai sake yi ba. "Magana ta ƙare. Fitar min da shi daga shago."

Da na bar maganar a nan da na huta. Amma bakin nan nawa sai da ya tambaya, shi mai bugarwar me yake sa mutum. Alhaji ya ce, yadda ya ji dai, dariya ce ba dalili, da ganin abin da babu, da hira da wanda ba ya nan.

Ban san yadda na ƙarasa aikin ranar ba. Na rubuta Kaduna a kwalin da za shi Katsina, sai da mai kayan ta yi min tsawa. Ledar tana cikin jakata, jakar tana ƙarƙashin sikeli, ni kuma ina jin ta kamar garwashi a cinya. In jefa a kwandon shara? Ko'ina kyamara ce a kasuwar nan. Na ce wa Alhaji kaina na ciwo, na fita. Na doshi tashar jirgin ƙasa, na hango 'yan sanda biyu a bakin ƙofa suna hirarsu, na juya kamar na manta wani abu. Na bi bakin ruwa da ƙafa har Port Saeed a cikin ranar nan, ina cewa zan wurga shi a ruwa. Ina! Masu lodi cike da wurin, ana ɗora firji da tayoyi a kan jiragen katako, kowa kamar ni yake kallo.

Mijina ya fito daga ofis ya same ni a gindin wata bishiya, gumi ya jiƙa min hijabi. Na gaya masa komai. Ya ce, "To ki tambaye ta mana, ko tana ci."

Na ce, "In tambaye ta me? In ce Inna, buguwa kike yi? Kai za ka iya tambayar taka?"

Ya ce shi suruki ne, ko ido ba ya haɗawa da ita, kada ma in sa shi a ciki. Ya tsayar min da tasi. Haka na koma gida da ledar, na cusa ta a cikin tsohon takalminsa a saman kabad.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki waya zan duba hotuna sai in ajiye, ina tsoron ko binciken ma laifi ne. In na ajiye sai in sake ɗauka. Da na daure na duba, sai na gwammace ban duba ba. Duk kamarsu ɗaya, 'yar hula da siririyar ƙafa. Wannan a ce abinci ne, na kusa da shi a ce yana bugarwa, na gaba da shi a ce yana cinye hanta mutum ya mutu bayan ya zaci ya warke. Na ɗauko ɗaya daga faifan Inna na kara shi da hoton, na juya shi sama na juya shi ƙasa. Busasshen abu ya riga ya yamutse, ya yi kama da kowanne kuma bai yi kama da ko ɗaya ba. Na shiga da tsoro ɗaya na fito da biyu.

Na ja 'yar Kumasi kicin na nuna mata. Ta ce su a can suna ci sosai a miyar kwakwar manja, amma nasu manya ne farare, kuma a kasuwa ake saye wurin matan da suka gaji sana'ar. Waɗannan ba ta san su ba. Da na gaya mata abin da Alhaji ya ce, sai ta ja da baya ta goge hannunta a zani. "Anti, don Allah kar a jawo mana 'yan sanda gidan nan. In aka kama mutum ɗaya duk filat ɗin za a kwashe, ni kuma yarana uku a gida bizar nan suke ci."

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda na koma kallon Inna. Da, in ta yi dariya sai in ji kamar an sauke min kaya. Yanzu in ta yi, sai in saci kallon ƙwayar idonta. In ta yi tuntuɓe da bakin kafet in ce ga shi nan. In ta yi waƙa in kasa kunne ko kalmomin suna bin juna. Ta yi miyar kuka mai daddawa irin wadda nake so, na riƙa juya cokali a ciki ina neman baƙon abu, daga ƙarshe na ce azumin nafila zan yi gobe, bari in ci da sauƙi. Ina son uwata ta warke, ina kuma tsoron abin da ya warkar da ita. In na hana ta, ta koma kan dardumar nan ta yi shiru. In na bar ta, ko dai a kama mu, ko wata rana in dawo in tarar da gawa.

Ranar hutuna na yi kamar ina barci har ta fita, sannan na bi ta. Gari ya fara haske, bututun suna ta feshi. Na laɓe a bayan wata motar ɗaukar ma'aikata, ni da girmana, ina leƙen uwata. Tafiya take a hankali, hannu ɗaya a baya, ɗayan riƙe da tsinke. Ba ta kallon benaye, ƙasa kawai take kallo. In ta zo gindin shuka sai ta durƙusa ta ɗaga ganye da tsinken. Na ga ta ciro wani abu, ta karkaɗe shi, ta shinshina, ta ɗaga shi sama ta leƙa ƙarƙashin hular, ta tsaga ƙafar da farce ta jira. Wani ta jefar, wani ta ƙulle a bakin mayafi. Wani mai lambu ɗan Pakistan ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Rabon da in ga bayanta a miƙe haka tun Baba yana da lafiya.

Sai ga motar 'yan sanda ta shigo layin a hankali. Sintirinsu kawai suke yi, ko kallon wajenta ba su yi ba. Amma ni na riga na tsorata. Ina ganin tsohuwa baƙa a durƙushe a lambun hukuma, da ƙulli a mayafi, ba Larabci ba Turanci. Motar tana wucewa na juya da gudu na hau sama. Na kwashe duk abin da ke kan faifan, na ciro ledar daga takalmin, na kwance tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, na zuba a masai na ja ruwa. Wasu suka ƙi tafiya suna yawo a sama, na sake ja. Na wanke faifan da omo na jingine shi.

Ta shigo da sallamarta, ta wuce baranda kai tsaye. Sannan ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo, ta ce wa labule, "Ina aka kai shanyar?"

Na ce, "Inna, ni na zubar."

Ban taɓa yi mata doguwar magana irin ta ranar ba. Na gaya mata abin da ya faru a shagon Alhaji, da dokar ƙasar, da kurkuku, da cewa har 'yar Kumasi abin zai shafa. Na gaya mata akwai mai kisa a cikinsu. Tana tsaye tana jin duk wannan, har na zo kan cewa akwai mai bugarwa.

Ta ce, "Bugarwa kamar yaya?"

Na maimaita mata yadda Alhaji ya faɗa, dariya da ganin abin da babu da hira da wanda ba ya nan. Ina faɗa ina jin yadda kalmomin suke sauka, amma na riga na fara.

Inna ta zauna a hannun kujera. Ta kwance bakin mayafinta, ga guda uku ƙanana da ƙasa a jikinsu, ta zuba su a kan tebur.

Ta ce, "Ni mahaukaciya ce da zan ci abin ƙasar da ban sani ba? Nan babu suri, babu gara, ruwansu ma ban san daga ina yake ba. Ko ɗaya bai taɓa shiga bakina ba, bai kuma shiga tukunya ba. Tun muna yara ni tsinta ce tawa, Yaya ce mai zaɓe. Abin da ta ce a ci shi ake ci. Shi ya sa na ware kowane iri daban na ce a kai mata ta gani."

Na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, sai ta ɗago kai ta dube ni. Ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni.

"Wato kwanakin nan da kike bin fuskata da kallo, kika ƙi cin miyata, ni ina cewa ko ciki ne da ke. Ashe lissafi kike yi ko uwarki ta bugu."

Na ce, "Inna, tsoro ne."

Ta ce, "Na ji." Ta tashi ta ɗauki buta.

Har gobe in aka maimaita, zan sake zubar da abin nan. Doka ba ta san Yaya ba, kuma har yau babu wanda ya iya gaya min ko mene ne Inna ta tsinto a gindin shukokin nan, abinci ne, guba ce, ko abin da Alhaji yake tsoro. Na faɗa wa mijina haka, na faɗa wa ƙannena a waya, har sai da suka ce ai ba wanda ya musa min.

Ba ta koma kan darduma ba, wannan kam na gode wa Allah. Ta ci gaba da girki, ta ci gaba da sauka da safe, sai dai hannu biyu take dawowa, ta juye bakin mayafinta a gabana ta karkaɗe. Na yi ta neman hanyar da zan ba ta haƙuri. Na sayo mata atamfa a kasuwa, ta sa albarka ta ajiye. Na riƙa kawo labaran shago masu ban dariya ina ba wa mijina da ƙarfi don ta ji, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ikon Allah."

Wata ranar Alhamis Alhaji ya sallame mu da wuri. Ina fitowa daga lif na jiyo ta tun daga wajen filat ɗin, ita da 'yar Kumasi, tana dariyar nan tata mai tafiya da numfashi, har tana buga cinya. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan jima ina ji. Sannan na sa makulli.

Kafin ƙofar ta gama buɗewa ta riga ta kai mayafi bakinta. Ta gyara zama, ta goge idonta, ta ce a fili yadda kowa zai ji, "A shaida, tuwo kaɗai aka ci yau."